Allunan Makokin Masunta: Inda Aikin Ya Kai

16 Satumba 2023

An ba ni bango. Ƙungiyarmu ta 'yan Afirka ta Yamma mazauna Brest tana da ɗaki ɗaya na haya, inda yara ke karatu ranar Asabar, manya kuma ke taron suna da ta'aziyya. A zaman yau aka amince in rataya alluna goma sha biyu a jikin bangonsa, su yi wata guda, a sauke su kafin azumi. Kowane allo zai ɗauki hoto ɗaya, da bayani a ƙasansa cikin Hausa da Faransanci.

Abin da zan sa shi ne zane-zanen da masu zanen Faransa suka yi daga wajen 1875 zuwa 1910 a kan makokin masuntan da teku ya ci. A wancan zamani abin har ya zama yayi. Duk shekara a babban baje kolin zane na Paris, wanda ake kira Salon, sai ka tarar da mace cikin baƙaƙen kaya a bakin gaɓa, ko gawa a kan yashi, ko jirgi a kife. Yawancinsu a yankin nan da muke zaune aka zana su, wato Bretagne, hancin ƙasar Faransa da ya kutsa cikin Tekun Atlantika, sauran kuma a gaɓar arewa, wajen Normandie da Pas-de-Calais. Yaranmu suna aji ɗaya da tattaɓa-kunnen matan nan, amma ban taɓa jin wani a cikinmu ya ɗauko zancen ba.

Masu zanen duk sun haura shekara 70 da rasuwa, don haka babu batun neman izinin magada. Wahalar tana wajen samun hoto mai kyau da zai jure bugawa a babbar takarda.

23 Satumba

Na je gidan adana zane-zane na Quimper, awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin ƙasa. Biyu daga cikin waɗanda nake nema suna can.

Na farko na Émile Renouf ne, na 1880, mai takabar tsibirin Sein. Babban zane ne ƙwarai. Mace ce durƙushe a gaban kabarin dutse, ɗanta ƙarami a gefenta, bayansu hazo da teku sun haɗe. Babu kuka, babu ɗaga hannu sama. Yaron ne ya riƙe ni, don duk wanda ya san tsibirin ya san inda za a kai shi nan da 'yan shekaru: yaran masunta suna shiga jirgi tun suna shekara goma zuwa sha biyu. Sein ɗan fili ne da bai wuce kilomita biyu ba, kusan daidai yake da fuskar ruwa, kuma daga yammacinsa duwatsun ƙarƙashin ruwa sun miƙe kilomita da yawa suna jiran jirage. Hasumiyar fitilar Ar-Men da aka dasa a kan ɗaya daga cikinsu ta ci shekara goma sha huɗu ana gini, daga 1867 zuwa 1881. Wato lokacin da Renouf ke wannan zane ba a ma kunna ta ba.

Na biyu na Alfred Guillou ne, na 1892, sunansa Adieu, wato ban kwana. Jirgi ya kife, raƙuman ruwa sun tashi kore-kore, uba ya maƙale da hannu ɗaya a jikin katako, ɗaya hannun ya rungume ɗansa da rai ya riga ya fita, yana sumbatarsa kafin ya sake shi. Mutane suna tsayawa a gabansa fiye da kowane zane a ɗakin. Guillou ɗan Concarneau ne, a gidan ma'aikatan ruwa ya tashi, ba baƙo ba ne da ya zo shan iska, kuma ruwan da ya zana ruwa ne na gaske mai nauyi.

Amma ina fitowa tambaya ta biyo ni: wa ya ga wannan? Uban da ke cikin wannan hali ba ya komawa gida ya ba da labari. Kuma matar Renouf, duk da baƙin cikinta, tana cikin masu sa'a, tunda tana da kabarin da za ta durƙusa a gabansa. Galibin mutuwar teku ba haka take ba. Jirgi ya fita, bai dawo ba, shi ke nan. Ba gawa, ba shaida, ba ranar da za a ce ita ce ranar.

7 Oktoba

Na baza ƙananan kwafe a kan tabarma na raba su kashi biyu: masu gawa da marasa gawa.

Masu gawa sun fi yawa, kuma su ne suka yi suna. Ga Guillou. Ga Ulysse Butin da jana'izar wani ma'aikacin jirgi a Villerville, 1878. Ga Francis Tattegrain da masu makokin Étaples, 1883, wanda ke gidan tarihi na Amiens, inda ake fito da mamaci daga ruwa dangi suna jira. Ga Les Tourmentés, wato masu ƙunci, na Virginie Demont-Breton, 1905, a Arras, mata tsaye a kan gawarwakin da aka jera a gaɓa. Ga kuma babbansu, na Charles Cottet, wanda zan dawo kansa.

Dalilin a fili yake. A Salon dubban zane ake ratayawa, wani bisa wani har rufi. Wanda ke son a lura da shi dole ya kawo babban abu mai girgiza zuciya, don idan ya ci lambar yabo gwamnati na iya saya ta aika wani gidan tarihi na lardi. Mai zane yana buƙatar abin da ido zai sauka a kai, rashi kuwa ba shi da siffa. Sai ya samo gawa ya shimfiɗa a tsakiya. Jirgin ƙasa ma ya taimaka: ya iso Quimper a 1863, Brest a 1865, masu zane suka riƙa kwararowa da rani, su koma Paris da kaka da littattafansu cike da fuskokin matan ƙauye.

Marasa gawa 'yan kaɗan ne, kuma zuciyata ta fi karkata gare su. Sai dai in na bi zuciyata bangon zai zama mata zaune suna jira daga farko har ƙarshe, yara su gaji tun allo na uku.

14 Oktoba

Tashar Paimpol da ƙauyen Ploubazlanec da ke kusa da ita, a gaɓar arewacin Bretagne. Wannan tafiya ta sauya tsarin aikin.

Daga 1852 zuwa 1935 Paimpol ta rayu ne a kan kamun kifin kwad a ruwan Aisilan. Wani mai jirage, Louis Morand, shi ya fara aika jirgi ɗaya; zuwa 1895 jirage kusan 80 ke fita. Jiragen katako ne masu ƙyalle, kowanne da mutum ashirin da 'yan kai. Suna tashi a Fabrairu, cikin tsakiyar sanyi, bayan an yi musu addu'a a tasha, ba sa dawowa sai ƙarshen Agusta ko Satumba. Wata shida ke nan mutum yana tsaye a gefen jirgi da igiya da ƙugiya a hannu, yana jawo kifi ɗaya-ɗaya daga zurfi, a feɗe shi, a zuba gishiri, a jera a cikin jirgi. Gwargwadon abin da ka kama, gwargwadon abin da za a biya ka, shi ya sa ake yanke harshen kowane kifi a ajiye don lissafi. Barasa na cikin guzurin da mai jirgi ke bayarwa, kuma tana da hannu a haɗurra da yawa. A cikin shekara 83 ɗin nan yankin ya rasa jirage wajen 120 da mutum wajen 2,000.

A maƙabartar Ploubazlanec akwai bangon da ake kira bangon waɗanda suka ɓace. Baƙaƙen alluna ne jere, rubutu da fari: shekara, sunan jirgi, yawan mutanen da suka tafi da shi. Kana tafiya a gefensa shekaru suna wucewa, da wuya ka ga wadda ta tsallake. A ɗan cocin Perros-Hamon kuma, a ƙofar shiga, iyalai sun rataya nasu allunan katako, kowanne da sunan mutum da shekarunsa da kalmar da ke maimaituwa, ya ɓace a Aisilan. Wasu 'yan shekara sha shida ne, sha bakwai. Wasu alluna suna ɗauke da 'yan gida ɗaya fiye da ɗaya.

Babu mai zanen Salon da ya kai waɗannan alluna faɗin gaskiya, kuma waɗanda suka yi su kafintocin ƙauye ne. Mutanen da abin ya shafa, da suka tashi yin abin tunawa, suna suka rubuta, don shi kaɗai ya rage musu.

Daga nan na taka zuwa gicciyen dutsen da ke kan tudu yana kallon mashigar ruwa, inda mata ke tsayawa duban jirage a ƙarshen bazara. Gicciyen na 1714 ne, ya girmi kamun Aisilan da fiye da ƙarni. Sunan da kowa ke kiransa da shi yau, gicciyen masu takaba, ya bazu ne daga labarin da marubuci Pierre Loti ya wallafa a 1886 kan masuntan nan. Har sunan wurin ma alƙalamin baƙo ne ya raɗa, mutanen gari suka karɓa. A tasha kuwa manyan gidajen dutse na masu jirage suna nan tsaye ƙalau. Ban ga ko ɗaya daga cikinsu a zanen makoki ba.

Shawara: alluna biyu daga cikin sha biyun ba za su zama zane ba. Hoton bangon Ploubazlanec da na ɗauka zai shiga, da na allunan Perros-Hamon.

28 Oktoba

Gwajin bugu na farko, a takarda mai girman A1. Renouf da Guillou sun fito lafiya. Cottet ya fito baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, fuskokin matan sun nutse cikin tufafinsu.

Ba laifin injin ba ne kaɗai. Cottet shi ne jagoran 'yan zanen da aka yi wa laƙabi da Bande noire, baƙar ƙungiya, su Lucien Simon da André Dauchez da René Ménard, waɗanda suka juya wa hasken 'yan Impressionnisme, masu zane da launuka masu haske, baya a shekarun 1890 suka koma launuka masu duhu. A ainihin zanen, baƙi hawa-hawa ne: na ulu daban, na inuwa daban, na jiƙaƙƙen dutse daban. Takarda marar sheƙi tana shanye tawada ta mai da su abu ɗaya. Mai bugun ya ce mu gwada mai ɗan sheƙi, a kuma buɗe duhun kaɗan a kwamfuta. Na yarda da na farko, na biyu kuma kaɗan ƙwarai, don in aka haskaka Cottet an ɓata shi.

3 Nuwamba

Guguwar Ciarán ta ratsa mu daren Laraba wayewar Alhamis. A Pointe du Raz, daura da tsibirin Sein, an auna iska mai gudun kilomita 207 a awa. Gidaje sama da miliyan ɗaya a arewa maso yammacin ƙasar sun kwana ba wuta, itatuwa sun toshe hanyoyi. Tafiyar tsibirin Ouessant sai an ga hali.

An yi kwanaki ana gargaɗi a rediyo da waya, jirage duk sun shige tasha. A Satumban 1930, da irin wannan ta faɗa wa jiragen kamun tuna na kudancin Bretagne a tsakiyar teku, ba su da rediyo, mutum sama da 200 suka tafi cikin 'yan kwanaki. Wannan zai shiga bayanin allon Guillou.

25 Nuwamba

Ouessant, awa biyu da rabi a jirgin ruwa daga Brest, cikina bai ji daɗin mashigar Fromveur ba ko kaɗan.

Sai in fara da gyara ga masu cewa tsibirin masunta ne. Mazajen Ouessant galibi ma'aikatan manyan jiragen kasuwanci ne da na soja, suna yin watanni ko shekaru a waje, mata ke noma da kiwon tumaki da gina katangar dutse. Amma matsalar ɗaya ce da ta Paimpol: mutum ya mutu nesa, ba a kawo shi ba. Abin da ya kawo ni shi ne maganin da suka yi wa matsalar, al'adar da suke kira proëlla.

In labari ya tabbata cewa wani ya halaka, sai a yi ɗan ƙaramin gicciye na kakin zuma, wanda bai fi tafin hannu ba. Da dare wani babba daga dangi zai kai shi gidan, shigarsa da shi ita ce sanarwar. A shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, a ɗora gicciyen, a kunna kyandir, maƙwabta su taru a kwana ana addu'a, daidai yadda za a yi in mamacin ne kwance a ɗakin. Da safe a ɗauke shi a jere zuwa cocin Lampaul, babban ƙauyen tsibirin, a yi masa cikakkiyar jana'iza, a sa shi cikin wani akwati a cocin. Bayan lokaci, in babban limami ya ziyarci tsibirin ko an yi wani babban taron ibada, sai a kwashe waɗanda suka taru a kai su wani ɗan gini a tsakiyar maƙabarta. An yi na ƙarshe a 1962.

Ginin yana nan, ƙarami ne, ba ya kai ƙirjina, rubutun jikinsa yana cewa a nan ake ajiye gicciyen waɗanda suka mutu nesa da gida, a yaƙi ko ciwo ko haɗarin jirgi. In ba a nuna maka ba sai ka wuce shi.

Su ma mutanen Ouessant sun ga ba za a iya makoki ba tare da wani abu a tsakiyar ɗaki ba, kamar yadda masu zanen suka gani. Bambancin shi ne su abin da suka sa ƙarami ne, kowa ya san madadi ne, kuma don matar aka yi shi: daga wannan dare ta san matsayinta, gari ma ya sani. Gawar da ke cikin zanen Salon kuwa don mai kallo aka shimfiɗa ta.

Cottet ya zauna a tsibirin nan, ya zana matansa da gajeren gashinsu a sake a kafaɗa, ya kuma zana mutanen Ouessant suna zaman makokin jariri. Shi aƙalla ya shiga ɗakunan.

9 Disamba

Na kai gwajin allunan taron ƙungiya don a gani kafin a kashe kuɗin bugu na ƙarshe. A kan Cottet aka tsaya.

Zanen shi ne Douleur au pays de la mer, baƙin ciki a ƙasar teku, na 1908, mallakar gidan tarihi na Orsay a Paris. Akwai wani irinsa da ya yi da hannunsa a Tokyo. Faɗinsa ya kusa mita uku da rabi. Tashar Sein ce. An tsamo masunci an shimfiɗe shi, ƙirjinsa a buɗe, fatarsa ta koɗe. Mata cikin baƙi sun kewaye shi, maza sun tsaya shiru, a baya gidaje da jajayen ƙyallayen jirage, waɗanda ake jiƙawa da ruwan ɓawon itace don kada su ruɓe. Duk wanda ya saba da zanen coci zai gane tsarin nan take: haka Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna zana saukar da Almasihu daga gicciye, uwarsa a kansa. Cottet ya ɗauko wannan tsari ya sa talakan masunci a ciki, kuma da gangan ya yi.

Dattijon ƙungiyarmu, mutumin Maradi da ya fi shekara talatin a garin nan, ya sa tabarau ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "'Yata, ina suturarsa? Duk matan nan, ba wadda ta cire mayafi ta rufa masa?"

Na ce, "Baba Alhaji, mai zanen ne ya so a ga jikin."

Ya ce, "To, shi ya so. Su fa?"

Ban da amsa, don tambayar da nake yi ke nan tun Quimper, shi ya faɗe ta a gajarce. Na ba shi labarin Ouessant. Ya gyaɗa kai ya ce matsalar tsohuwa ce, malamanmu ma sun yi magana a kanta: a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓace takan kai ƙara wurin alƙali, a yanka mata shekara huɗu ana cigiya, in ba labari sannan ta shiga takaba wata huɗu da kwana goma. Ya ce, "Wadda ta ga gawar mijinta ta fara ƙirga kwana. Wadda ba ta gani ba, me za ta ƙirga?" Wata baiwar Allah daga Agadez da ke zaune a baya ta ce ba sai an je 1900 ba, akwai gidaje a garinsu da ke cikin wannan hali yanzu, 'ya'yansu sun bi hanyar Libiya, shiru har yau. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci.

An yanke cewa Cottet zai shiga, amma a bangon da ke bayan ƙofa, ba inda yara ke fuskanta lokacin karatu ba, kuma ba a bangon alƙibla ba. Wannan na biyun ya shafi allunan duka, don a ɗakin ake sallah in taro ya kai magariba. Na rasa bango mafi haske. Ban yi gardama ba.

6 Janairu 2024

Rubutun bayani. Kowanne kada ya wuce layi takwas a kowane harshe, in ba haka ba ba mai karantawa a tsaye.

Wanda ya fi ba ni aiki shi ne wanda na fi so, L'homme est en mer na Virginie Demont-Breton, 1889, wato maigida yana teku. Mace ce zaune a gefen murhu, jariri yana barci a cinyarta, ragar kamun kifi a kusa da ita, ta zuba wa wuta ido. Ko teku ba a gani. Ba mu san ko mijin yana raye ba, ita ma ba ta sani ba, kuma zanen bai gaya mana ba. Wannan shi ne halin da dubban mata suka zauna a ciki rabin kowace shekara.

Ba mamaki mace ce ta zana shi, kuma mazauniyar wurin. 'Yar mai zane Jules Breton ce, ta zauna a Wissant, ƙauyen masunta tsakanin Calais da Boulogne, ta san matan da yaransu, ta kuma shugabanci ƙungiyar mata masu zane da sassaƙa ta Faransa daga 1895 zuwa 1901, lokacin da ake fafutukar a buɗe wa mata babbar makarantar zane ta Paris. Van Gogh ya ga kwafin zanen nan yana asibitin Saint-Rémy a 1889, ya sake zana shi da nasa launuka. Nasa aka sayar a Landan a 2014 kan kusan fam miliyan 17. In ka nemi sunan zanen a intanet, nasa ne ke fara fitowa. A allona nata ne babba, nasa ɗan ƙarami a kusurwa.

Ga abin da na tsayar na Hausa: "Wissant, 1889. Mijinta ya fita kamun kifi. Babu waya, babu rediyo. In iska ta tashi da dare, tana jin ta a rufin ɗaki kamar yadda yake jin ta a jirgi. Ba ta da abin yi sai gyaran raga da renon yaro har gari ya waye."

Kusa da shi zan sa zanen Cottet mai fuska uku na 1898. A tsakiya cin abincin ban kwana ne, maza da mata kewaye da tebur ƙarƙashin fitila, ba mai magana. A hagu waɗanda ke tafiya, cikin jirgi. A dama waɗanda ke zama, a kan gaɓa. Babu wanda ya mutu tukuna, amma ka duba teburin ka san ba duka za su sake zama a kansa ba. A ganina ya fi na 1908 nesa, ko da yake wancan ya fi shi suna.

15 Janairu

Yau shekara ashirin cif da nutsewar Bugaled Breizh, jirgin kamun kifi na Loctudy, a kudancin lardinmu na Finistère. Ya nutse cikin ƙanƙanin lokaci kusa da gaɓar Cornwall ta Ingila ranar 15 Janairu 2004, da mutum biyar. An samu gawa biyu a lokacin, ta uku da aka ɗago jirgin bayan watanni, biyu har yau babu. Iyalan sun yi shekaru suna cewa jirgin yaƙi mai tafiya ƙarƙashin ruwa ne ya ja igiyar ragarsu, don ana atisayen soja a yankin. Kotunan Faransa sun rufe shari'ar, binciken da aka yi a Ingila a 2021 ya ce haɗarin kamun kifi ne. Da yawa a gaɓar nan ba su gamsu ba.

Na yi tunanin ba shi allo, na fasa. Iyalan suna raye, ba ni da hurumin rataya baƙin cikinsu a ɗakin hayarmu. Layi ɗaya zai samu a allon gabatarwa, don kada yara su ɗauka abin ya ƙare da zamanin jiragen ƙyalle.

27 Janairu

Allon da babu mai zanen da ya yi mini shi: na kuɗi. Rubutu ne zalla da hoton tsohon kati na tashar Paimpol cike da jirage.

Abin da ke ciki a taƙaice. Tun 1673, zamanin Colbert, ministan Sarki Louis XIV, Faransa ke da asusun tallafa wa ma'aikatan ruwa da suka nakasa, a matsayin sakayyar rajistar da ta wajabta musu aikin jiragen yaƙin sarki. Amma asusu na musamman don haɗarin aiki, wanda mai takaba da marayu za su dogara da shi, sai 1898 aka kafa, shekarar da Cottet ya nuna teburinsa na ban kwana. Kafin nan da bayan nan, mace ta rasa miji sai ta shiga masana'antar sa kifin sadin a gwangwani, ko tsintar ciyawar teku, ko ta miƙa ɗanta ga wani jirgin. Da sadin ya ƙaurace wa gaɓar Finistère daga 1902, yunwa ta shiga gidaje, har aka ƙirƙiro bikin Filets Bleus, wato shuɗɗan raga, a Concarneau a 1905 don tara musu taimako, masu zanen garin na cikin waɗanda suka tsaya a kai. Wannan na rubuta shi don adalci: ba duka suka ɗauki fuska suka tafi ba.

Na ƙara da Jacques de Thézac, wanda daga 1900 ya riƙa gina gidajen hutun ma'aikatan ruwa a tashoshi, masu fentin ruwan hoda, don raba su da mashaya. A can ake koya musu karatun taswira da agajin gaggawa, har da iyo. Masunta da yawa na wancan zamani ba su iya iyo ba. Na san yara za su tsaya a wannan layi su yi tambaya.

3 Fabrairu

An karɓo bugu na ƙarshe. Takarda mai ɗan sheƙi ta ceci Cottet, ana ganin hannayen matan yanzu. Tattegrain ya fita daga jerin, don hoton da na samu bai jure girman ba, kuma masu gawa sun riga sun isa.

Jerin yadda zai kasance daga ƙofa zuwa dama: gabatarwa da taswira, katin Paimpol da batun kuɗi, teburin ban kwana, Butin na 1875, mata suna jira a gaɓar Villerville, Demont-Breton a gefen murhu, Guillou, Les Tourmentés, jana'izar Villerville, Renouf, bangon Ploubazlanec tare da allunan Perros-Hamon a allo ɗaya, ginin proëlla, sai babban Cottet shi kaɗai a bayan ƙofa. Wato tafiya, jira, abin da masu zane suka ƙaga, sannan abin da iyalai suka yi da hannunsu.

Saura: mai gidan hayar bai yarda a buga ƙusa ba, sai an nemo sandar rataya da igiya. Wata malamar makaranta 'yar Douarnenez, maƙwabciyata, za ta duba Faransancin ranar Laraba. Ta ce kakarta ta yi aikin gwangwanin sadin, tana so ta zo ta yi wa yara bayani da bakinta, na ce bismilla. Baba Alhaji ya karɓi Hausar zai duba, ya riga ya soke mini "bazawara" a allon Renouf ya mai da ita "mai takaba". Ranar Asabar 10 ga wata za a rataya, bayan an tashi karatun yara, a sauke 9 ga Maris.